Damon Knight, duba-garin almarar kimiyya

A watannin Agusta, Satumba da Oktoba na 1945, mujallar Astounding, wadda a lokacin ita ce uwa ma ba da mama a fagen almarar kimiyya a Amurka, ta buga wani dogon labari na A. E. van Vogt kashi uku, mai suna The World of Null-A. Masu karatu suka yi ta kambama shi. Van Vogt yana sahun gaba a lokacin, ana ambatonsa tare da su Robert Heinlein da Isaac Asimov. Sai ga wani saurayi ɗan shekara 23, wanda ko sunansa ba kowa ya sani ba, ya rubuta sharhi a wata 'yar mujallar masoya mai suna Destiny's Child, ya bi labarin dalla-dalla ya kwance shi kamar mai gyaran agogo. Hukuncin da ya yanke shi ne van Vogt ba ƙato ba ne kamar yadda ake ta faɗa, wada ne da ya iya sarrafa ƙatuwar tafireta. Sunan saurayin Damon Knight.

Almarar kimiyya dai ita ce ƙagaggen labarin da ake gina shi a kan wani abu da kimiyya ko fasaha za ta iya kawowa: tafiya wata duniya, haɗuwa da halittun sama, na'urar da za ta sauya zaman jama'a. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da ya fito a 1969, ya san ƙamshin abin. Knight da kansa ya gaji da gardamar ma'anar kalmar, ya ce almarar kimiyya ita ce abin da muke nunawa da yatsa idan mun ambaci sunan. Ba kauce wa tambaya ya yi ba. Nufinsa shi ne a bar musu a kan suna, a zo a duba aikin.

An haife shi ranar 19 ga Satumba 1922 a garin Baker na jihar Oregon, ya tashi a Hood River, iyayensa malaman makaranta ne. Zane ya fara sha'awa, kuma abu na farko da ya sayar wa mujalla zanen barkwanci ne a Amazing Stories. A 1941 ya tattara ya nufi New York, ya faɗa cikin wata ƙungiyar samari da ake kira Futurians, waɗanda ke haɗa kuɗin haya su zauna gida ɗaya, su ci abin da ya samu, su kwana suna gardama a kan siyasa da rubutu. A cikinsu akwai Frederik Pohl, Donald Wollheim, Cyril Kornbluth, James Blish, daga baya kuma Judith Merril. Kusan duk sun zama manyan marubuta ko editoci. Knight ya ba da tarihinsu a wani littafi da ya fitar a 1977, bai kuma rufa wa kowa asiri ba, har kansa.

Yana da kyau a san yadda kasuwar take a wancan zamani, domin ita ta haifi irin rubutun da Knight ya zo yana yaƙa. Mujallun ana buga su ne a takarda mai arha, kuma ana biyan marubuci da adadin kalma, galibi santi ɗaya a kowace kalma, wasu ma rabin haka. Labari mai kalma 5,000 dala 50 ke nan idan an yi sa'a. Wanda yake so ya ci abinci da alƙalaminsa dole ya riƙa zubo kalmomi ba kama hannun yaro, ba shi da lokacin sake karanta abin da ya rubuta, balle ya gyara. Wasu mujallun ko biya ba sa yi. Irin wannan ce Stirring Science Stories ta Wollheim, inda labarin Knight mai suna "Resilience" ya fito a Fabrairun 1941. Labarin ya rataya ne a kan kalma guda: wasu halittu masu jiki kamar roba suna kiran 'yan Adam "mutane masu saurin karyewa". Wajen bugawa aka sauya kalmar ta koma "ƙananan mutane", ƙarshen labarin ya tashi ba kai ba gindi. Da wannan ya shiga sana'ar.

Mu koma kan sharhin 1945, domin a nan ne hanyar aikinsa ta fara bayyana. Labarin van Vogt na wani mutum ne, Gilbert Gosseyn, da ya zo birni shiga wata jarrabawa da wata babbar na'ura ke gudanarwa. Nan take ya gano cewa duk abin da yake tunawa game da rayuwarsa ƙarya ne, matar da yake zaton ya aura ta mutu tana nan da ranta, kuma 'yar shugaban ƙasa ce. Aka kashe shi, ya farka a duniyar Zuhura cikin wani jiki sabo. Abin da Knight ya yi shi ne ya sake ba da labarin a taƙaice, bi da bi, ba tare da ado ba, yana tsayawa a kowace gaɓa yana tambaya: me ya sa wannan mutum ya yi haka? Me ya sani a wannan lokaci? Idan mugayen suna son kashe shi, me ya hana su a babin da ya wuce, lokacin da yake hannunsu? Wannan abu da aka ɗaga a farko, ina ya shiga? Da aka cire gudu da ruɗani, sai ginin ya bayyana ba tubali a ƙasa. Daga nan ya koma kan jimla, ya ciro misalai ya nuna inda kalma ba ta dace ba, inda siffantawa ba ta haifar da hoto a zuciyar mai karatu, inda taurarin labarin ke magana kamar ba mutane ba.

Wannan dabara ta taƙaita labari a fili ita ce babban makaminsa, kuma duk mai son yin tarke zai iya aronta. Labari mai rauni yana ɓuya ne a bayan sauri. Mai karatu yana haki yana bin abin da zai faru a gaba, ba ya waiwaye. Idan ka rubuta abin da ya faru a jimla goma, kowace da dalilinta, duk inda ka kasa sa "saboda" tsakanin jimla biyu, to ga ramin nan.

Daga farkon shekarun 1950 ya riƙa rubuta sharhin littattafai a mujallu daban-daban. Wasu masoya a Chicago suka kafa ɗan kamfanin ɗab'i mai suna Advent, a 1956 suka tattara sharhunan suka fitar da su a littafi ɗaya, In Search of Wonder. A shekarar ce kuma aka ba shi kyautar Hugo, babbar kyautar da masoya almarar kimiyya ke zaɓa, a matsayin gwanin masu sharhin littafi. An faɗaɗa littafin a 1967, aka sake faɗaɗa shi a 1996. A farkonsa ya shimfiɗa aƙidarsa a gajarce. Kirarin da mawallafi ke bugawa a bangon littafi daban, sharhi daban, kada a rubuta ɗaya da sunan ɗayan. Almarar kimiyya adabi ce, don haka a auna ta da mudun da ake auna kowane adabi: sabunta, gaskiyar zuci, salo, tsari, hankali, har da nahawu na yau da kullum. Sannan littafi marar kyau guda ɗaya ya fi sharhi mai zafi goma cutar da fagen.

Yau wannan magana kamar ba komai ba ce. A lokacin kuwa ƙaramin juyin juya hali ce. Fagen ƙarami ne, kowa ya san kowa, marubucin yau shi ne editan gobe, kuma manyan masana adabi na waje sun raina harkar gaba ɗaya. Saboda haka 'yan ciki suka ɗauki al'adar rufa wa juna asiri: a yabi ɗan gida ko da ya yi shirme, kada maƙiya su ji. Knight ya ce wannan rufin asirin shi ne raini na gaskiya, domin ma'anarsa ita ce kai ma ba ka yarda abin naku zai iya tsayawa a gaban awo ba.

Akwai babi guda a littafin da ya ware wa waɗanda ya ɗauka shashashu ne a rubutu, inda ya yi kaca-kaca da wani tsohon labari da masoya ke girmamawa, The Blind Spot na Austin Hall da Homer Eon Flint, yana ciro jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya. Richard Matheson ma bai tsira ba. Game da I Am Legend ya ce littafin cike yake da dabaru masu kyau waɗanda marubucin ke ɗagawa ya yar, kuma da an bar shi a matsayin labarin tsoro da ya yi armashi, amma aka ɗora masa bayanin kimiyya na yara. A nan akwai darasi na sana'a: ba dole ne ka bayyana yadda abin mamaki ya faru ba, amma in har ka buɗe baki ka ce ƙwayar cuta ce, to ka ɗaure kanka da dokokin ƙwayar cuta, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya bi ka bashi.

Daga wajensa ne kuma kalmar "ƙullin wawaye" ta yaɗu, ko da yake shi ya ce Blish ne ya ƙirƙiro ta. Ƙullin wawaye shi ne labarin da ba zai ci gaba ba sai idan duk mutanen cikinsa wawaye ne, wato matsalar da tambaya ɗaya ko magana ɗaya za ta warware, amma ba wanda ya yi, don kada labarin ya ƙare a shafi na goma. Knight ya ƙara mataki na biyu, wanda ya fi shafar almarar kimiyya: labarin da al'ummar da aka ƙaga ɗungurungum ba za ta wanzu ba sai idan kowa a cikinta wawa ne. Ka ƙaga ƙasar da ake zaluntar mutane miliyan ɗari da wata doka da yaro zai gane hanyar kauce mata, sannan ka kawo jaruminka ya zama shi kaɗai ya gano. Wannan ba jarumta ba ce, marubucin ne ya dakushe kowa don nasa ya yi kaifi.

Kada a ɗauka sara kawai ya iya. Babobin da ya yi a kan Heinlein da Theodore Sturgeon da Kornbluth yabo ne mai hujja, irin wanda ke nuna maka inda gwanintar take da yatsa. Game da Ray Bradbury ya faɗi abin da ya zauna daram: kimiyya ba ta dame shi ba, abin da yake rubutawa a kai shi ne ƙuruciya, da tsoronta da kwaɗayinta. A ganina wannan ɓangaren ya fi saran wuya, kuma ya fi shi amfani, sai dai saran ne mutane ke tunawa.

A 1959 ya karɓi shafin sharhi na mujallar Fantasy and Science Fiction. A 1960 ya rubuta sharhi a kan wani littafin Judith Merril, ƙawarsa tun zamanin Futurians, mujallar ta ƙi bugawa yadda ya rubuta. Ya ajiye aikin, kuma daga nan kusan ya daina sharhin littafi a kai a kai. Shekarun da ya yi yana wannan aiki ba su kai goma sha biyar ba.

To shi fa, da ya iya faɗa wa wasu, me ya rubuta? Gajeren labari ne gonarsa. Wanda duniya ta fi sani shi ne "To Serve Man", da ya fito a mujallar Galaxy a Nuwamban 1950. Wasu halittu da ake kira Kanamit, masu kama da alade, sun sauko duniya suka je Majalisar Ɗinkin Duniya da kyaututtuka: wutar lantarki mai arha, hanyar ƙara albarkar ƙasa, da abin da zai hana makamai aiki. Aka gwada su da na'urar gano ƙarya, suka ce burinsu kawai mutane su zauna lafiya su ƙoshi, na'ura ta ce gaskiya ne. Yunwa ta kau, yaƙi ya ƙare, mutane suka fara rububin zuwa duniyarsu yawon buɗe ido. Wani tafinta da bai yarda da su ba ya sato littafinsu, aka fassara sunansa. A nan dabarar take, kuma ba ta fassaruwa zuwa Hausa, domin kalmar Ingilishi "serve" da ke cikin sunan littafin, kamar yadda take a sunan labarin, tana nufin yi wa mutum hidima, tana kuma nufin kawo abu a akushi a ci. Da tafintan ya ci gaba da fassara sai ya gane littafin girke-girke ne. Lura da yadda aka gina shi: baƙin ba su yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Mai kiwo ma da gaske yake son ragonsa ya yi ƙiba ya zauna lafiya. Duk tambayar da Knight ke yi wa labarin wasu, wannan ya amsa ta. Shirin talabijin na The Twilight Zone ya mayar da shi fim a 1962, kuma a 2001 aka ba shi Hugo ta waiwaye, shekara hamsin da ɗaya bayan fitowarsa.

Amma wanda ya fi nauyi a cikin ayyukansa, a nawa awon, shi ne "The Country of the Kind" na 1956. Duniya ce da ta rabu da mugunta, sai mutum ɗaya da ya taɓa kisa. Ba su kashe shi ba, ba su ɗaure shi ba, domin su masu tausayi ne. Sai suka gyara jikinsa yadda duk lokacin da ya yunƙura zai cuci wani zai faɗi sumamme, suka sa masa wari don kowa ya san zuwansa, suka haramta wa kowa yi masa magana. Yana iya shiga kowane gida ya farfasa abin da ya ga dama, ba mai ce masa uffan. Kuma shi kaɗai ne ya rage mai sassaƙa a duniyar, yana ajiye 'yan gumakansa da saƙo a wurare, ko Allah zai sa wani yaro ya tsinta ya zama irinsa. Mai karatu yana gamawa bai san wa zai tausaya wa ba.

Dogayen labaransa ba su kai gajerun ba, wannan kusan kowa ya yarda. Mafi ƙarfi a na farkon shi ne A for Anything, wanda ya fara fitowa a 1959 da wani suna daban: an ƙirƙiro na'urar da ke kwafin kowane abu, har ita kanta, sai dukiya ta rasa daraja, abin da ya rage mai daraja shi ne aikin ɗan Adam, bauta ta dawo. Tunanin ya yi kyau, amma numfashinsa na gajeren zango ne. Sai a ƙarshen rayuwarsa, da Humpty Dumpty: An Oval na 1996, ya saki jiki ya rubuta abu mai kama da mafarki.

Abin da ya fi labaransa da sharhinsa daɗewa shi ne abubuwan da ya kafa. A 1956 shi da Blish da Merril suka fara taron marubuta a ƙaramin garin Milford na jihar Pennsylvania, inda suke zaune. Daga baya taron ya riƙa zama a wani tsohon babban gidansa. Sharaɗin shiga shi ne ka taɓa sayar da labari, kuma ka zo da sabon rubutu da ba a buga ba. Yadda ake yi kuwa, har yau da sunan garin ake kiransa. Ana ajiye rubutun kowa tun da wuri, kowa ya karanta ya yi alama a takarda kafin zama. A zauna a da'ira. A ɗauki labari ɗaya, a bi layi, kowa ya faɗi nasa cikin minti biyu ko uku, ba mai katse wani. Mai labarin kuwa bakinsa alaikum, rubutu kawai yake yi, sai an zagayo gaba ɗaya sannan a ba shi dama ya yi tambaya ko ya amsa.

Shirun nan shi ne ƙashin bayan tsarin. Marubuci in aka bar shi zai ce ai abin da nake nufi kaza ne, kuma da zarar ya faɗa, sauran sun gurɓace, ba za su ƙara iya ganin abin da ke takardar kaɗai ba. Alhali ran da labarin ya fita kasuwa, ba zai bi kowane mai karatu gida ya yi masa bayani ba. Iyakance minti kuma lissafi ne: mutum ashirin, minti uku-uku, awa guda ke nan a kan labari ɗaya kafin mai shi ya buɗe baki, don haka labari uku ko huɗu ne za su samu shiga a yini. Bin layi yana hana masu baki biyu ko uku cinye zaman.

Inda abin ke lalacewa ma sananne ne. Wanda ya fara magana yakan sa wa zaman alƙibla, sauran su bi sahu, musamman idan babba ne, shi ya sa ya fi kyau malami ko wanda ya fi kowa suna ya yi magana a ƙarshe. Wasu maimakon su duba labarin da aka rubuta, sai su fara ba da labarin da su za su rubuta da sun samu dabarar. Wasu kuma suna zuwa ne a ji kaifin harshensu. Mafi muni shi ne marubucin da ya koma gida ya bi shawarar mutum ashirin duka: ya kankare duk abin da ya dami wani, ya wayi gari da labari sumul wanda ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma motsa kowa. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce, idan mutum goma sun yi tuntuɓe a shafi ɗaya, to akwai dutse a wurin, amma maganin da suka ba ka ba lallai ne ya zama daidai ba.

A 1968 Robin Scott Wilson, wanda ya halarci Milford, ya ɗauki tsarin ya kai wa masu koyo a kwalejin Clarion da ke Pennsylvania: mako shida, kowane mako da marubucin da zai koyar, ɗalibai suna ƙoƙarin fitar da sabon labari kusan duk mako. Daga baya bitar ta koma Jami'ar Jihar Michigan, sannan San Diego a 2007. Knight da matarsa Kate Wilhelm, wadda ya aura a 1963, ita ma babbar marubuciya, sun koyar a can shekara 27, galibi su ke riƙe makonni biyun ƙarshe. An san su da jan layi a takardar ɗalibi daidai inda edita zai daina karantawa, kuma sau da yawa layin a shafin farko yake faɗawa. Octavia Butler ta bi ta Clarion a 1970, Kim Stanley Robinson a 1975, Ted Chiang a 1989, sai Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya, a 2001. Abin da Knight ya koyar ya tattara shi a Creating Short Fiction na 1981. A ciki ya kasa girman marubuci mataki huɗu: mai rubuta mafarkin ransa don kansa, mai ƙoƙarin isar da saƙo amma labaran ba su nuna ba, mai kammala labari amma da rauni a tsari ko taurari, sai wanda ya shawo kan waɗannan har ake saye. Ya kuma raɗa wa ɓoyayyen sashen zuciya, wanda ke aiki lokacin da mutum ke barci ko wanka, suna Fred, ya ce a riƙa ba shi tambaya a bar shi ya kawo amsa a lokacinsa. A tuna da Fred ɗin nan, za mu dawo kansa.

A 1965 ya kafa ƙungiyar marubutan almarar kimiyya ta Amurka, SFWA, da mambobi 78, ya zama shugabanta na farko. Aikinta na asali ba na ado ba ne: duba yarjejeniyar da mawallafa ke ba marubuta, bin kuɗin da aka danne, faɗa wa juna wane edita ne ba ya biya. Daga cikinta kyautar Nebula ta fito, wadda marubuta ke zaɓa da kansu, aka fara bayarwa a 1966, Dune na Frank Herbert ya ɗauki ta dogon labari. Kuɗin gudanarwa kuwa daga cinikin littafin da ke tattara labaran da suka yi nasara ake samu, Knight ne ya shirya na farko.

Sai Orbit, jerin littattafan sababbin gajerun labarai da ya shirya, guda 21 daga 1966 zuwa 1980. Dabarar ita ce a tsallake mujallu, a sayi labari kai tsaye a buga a littafi, inda ba ruwan edita da tsoron mai talla ko mai rarraba mujalla. A nan R. A. Lafferty da Joanna Russ da Gardner Dozois da Wilhelm suka samu fili, a nan kuma Gene Wolfe ya zama Gene Wolfe. Da ya fitar da The Fifth Head of Cerberus a 1972, wanda kashinsa na farko ya fito a Orbit na 10, ga Knight ya sadaukar da shi, yana cewa shi ya shuka shi daga ƙwayar wake.

Wannan tasiri bai yi wa kowa daɗi ba. Tsofaffin hannu suka fara kiran mutanen Milford 'yan ƙungiyar asiri, suna cewa labaran Orbit duk salo ne ba labari. Abin ya fito fili a bikin Nebula na 1971. A rukunin gajeren labari, shida daga cikin bakwai da suka kai zagayen ƙarshe daga Orbit suke. Asimov ne ke sanarwa, ya duba takarda ya kira sunan Wolfe, Wolfe ya miƙe ana tafi. Sai aka raɗa wa Asimov cewa ya yi kuskure: abin da ya zo na ɗaya shi ne "ba wanda ya cancanta", Wolfe na biyu ne. Ya koma ya zauna a gaban jama'a. Labarin nasa sunansa "The Island of Doctor Death and Other Stories". Daga baya ya juya kalmomin ya rubuta "The Death of Doctor Island", ya ci Nebula da shi.

Saura batun van Vogt, batun da bai ƙare a 1945 ba. Da ya sake fitar da Null-A a 1970, ya gyara wurare, ya kuma ambaci sukar Knight a gabatarwa ba tare da ɗaci ba. Amma sunansa ya riga ya dusashe a wajen masu tarke, kuma da yawa suna ɗora alhakin a kan wancan sharhi. Philip K. Dick, wanda van Vogt ya yi wa tasiri ƙwarai, ya mayar da martani a wata hira a 1974. Ya ce Knight yana duba labari ne kamar jami'in duba gini, yana ƙwanƙwasa daɓe ya ga ko mutum zai burma, alhali ita duniyar gaske haka take, mutane suna burmawa, kuma abin da ya ja shi ga Null-A ke nan, cewa sassansa ba su haɗu sun ba da jimla ba.

Ina ganin Dick ya taɓa wurin da ke ciwo. Awon Knight yana kama marubuci malalaci, wanda ya bar rami don bai kula ba. Ba ya iya rarrabe shi da marubucin da raminsa shi ne abin da ya zo nunawa. Van Vogt yana da tsarinsa: yana rubutu ne a fage-fage na kalma kusan 800, kowane fage da sabon abu da zai jefo, kuma ya bayyana daga baya cewa yakan sa a tashe shi daga barci duk bayan minti 90 don ya kama abin da mafarki ya kawo masa game da labarin. Wato Fred ɗin da Knight ke koya wa ɗalibai su saurara, van Vogt ya daɗe da miƙa masa ragamar gaba ɗaya. Da Knight ya ji haka, a 1974 ya rubuta cewa wannan ya bayyana abubuwa da yawa, labaran van Vogt suna da daidaito irin na mafarki, kuma ya yi kuskure da ya auna su da mudun da aka saba kawai. Bai janye maganarsa a kan jimlolin ba, kuma da gaskiyarsa, jimlolin ba su gyaru ba.

SFWA ta naɗa Knight Babban Gwani a 1995, wato kyautar da take ba marubuci saboda aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Van Vogt, wanda ya girme shi da shekara goma, ya kuma riga shi suna, sai a shekarar da ta biyo baya aka ba shi, lokacin cutar mantuwa ta fara cin sa. Ya rasu a Janairun 2000. Knight ya rasu ranar 15 ga Afrilu 2002 a Eugene, jihar Oregon, yana da shekara 79, ƙungiyar kuma ta sa wa kyautar Babban Gwani sunansa. Duk wanda ya buɗe jerin waɗanda suka samu kyautar tunawa da Damon Knight a yau, zai ga sunan A. E. van Vogt a layin da ke ƙarƙashin nasa.